Kajina Na Shan Ruwa a Fitilar Babur Ɗin Surukina

Anti Hamdiyya, don Allah ki taimake ni kafin Asabar ta sama. In ta zo ta same ni a haka, ko dai zumunci ya tsinke tsakanin wa da ƙane uwa ɗaya uba ɗaya, ko kuma ni in rasa inda zan sa fuskata a garin Zuru. Ki yi haƙuri da Hausata, a barikin soja na ƙarasa koyonta.

Mijina, Baban Magdalene, tsohon soja ne, bara ya ajiye kaki. Mahaifinsa ma soja ne, kuma da ya rasu ya bar babur guda, irin na Japan ɗin nan na shekarun saba'in, baƙi, mai salansa biyu. Babur ɗin ya yi shekara biyu a Ribah wajen yayan mijina, Yaya Dodo, sannan aka ɗoro shi a mota aka kawo gidanmu a Rikoto, aka jingine a ɗakin ajiya. Shekara goma sha shida yana nan. Mijina yana can wajen aiki, in ya zo hutu ko leƙa ɗakin ba ya yi. Ni da ɓeraye ne kawai muka san halin da babur ɗin yake ciki.

Allah ya sani ban yi da mugun nufi ba. Da madubi aka fara. Na banɗakinmu ne ya fashe, na shiga ɗakin ajiya ɗauko tsintsiya na ga guda biyu a jikin babur suna kallona a banza. Na kwance ɗaya, na cire masa mariƙi, na sa aka liƙa shi a bango da siminti. Ɗayan kuma ban ma san inda ya shiga ba. Da damina ta zo ruwan kwano yana zuba a bakin ƙofar kicin, sai na lura ƙarfen nan da ke rufe tayar gaba lanƙwasarsa daidai take da indararo. Anti, shekara tara ke nan ko ɗigo bai taɓa yi ba. Ƙoƙon fitila kuma kajina ke shan ruwa a ciki. Sirdin na kafa shi a kan wani guntun benci, na lulluɓe da tsohuwar atamfa, a kansa nake tsintar shinkafa.

Ranar da mijina ya bugo waya ya ce ritaya ta fito, kuma aikinsa na farko shi ne ya tada babur ɗin Baba ya hau ranar Uhola, bikin gargajiyar garinmu, ina ajiye wayar na nufi ɗakin ajiya. Ranar kasuwa na auna wuraren da ɗankwalina, na je wajen masu sayar da kayan babur, na kwaso duk abin da ya yi kama. Na shafe su da sauran baƙin fentin ƙofar gida, na ɗaɗɗaura. Inda noti ya ƙi shiga na sa waya. A idona babur ya dawo daidai, har na yaba wa kaina.

Ashe akwai Malam Lawwali a duniya. Tsohon bakanike ne, abokin mijina tun suna firamare, gemunsa fari tas. Ranar da aka fito da babur tsakar gida, zagaya shi kawai ya yi sau ɗaya, ya ƙwanƙwasa fitilar da farce, ya ce wannan roba ce, a zamanin da aka ƙera babur ɗin nan kuwa da ƙarfe ake yi. Mijina ya yi musu. Malam ya ciro ɗan maganaɗisu daga aljihu ya ɗora, abin ya zame ya faɗi ƙasa. Ya kankare murfin taya da makulli, sai ga jan fenti irin na babur ɗin 'yan kabu-kabu. Ramukan noti ba su zo daidai da juna ba. Sirdi ya zarce tanki da kusan taƙi guda. Madubai kuwa, Anti, ashe duka biyun na hannun hagu na sayo. Ni ina na san madubi yana da hagu da dama?

Mijina ya ɗauko tsohon hoton Baba a kan babur ɗin, sanye da kaki, ya kafa tabarau yana gwadawa. Duk abin da bai yi daidai da hoton ba sai ya cire ya jera a kan tabarma, ya ce kayan shaida ne, kada kowa ya taɓa. Da ya gama ya zauna a kan bencina, wato a kan sirdin ubansa, ya yanke hukunci cewa Yaya Dodo ne ya kwashe na ainihin ya sayar tun babur yana Ribah. Ya juya harshe zuwa yarensu na C'lela, wanda ba ya yi sai ransa ya ɓaci sosai. Ni kuwa ina tsaye da butar shayi, na buɗe baki zan yi magana, abin da ya fito shi ne ko in ƙara sukari.

Yaya Dodo mutum ne da ko tayar keke bai iya cirewa ba. A waya ya rantse bai taɓa komai ba. Buhun dawar da ya saba aiko mana duk kaka ya iso makon jiya, mijina ya hana a shigo da shi, yana can a zaure. Yanzu ya kira dattawan gida da fasto ranar Asabar ta sama. Abin da ya fi kashe ni, ni ce shaidarsa. Ya ce ni zan faɗa wa jama'a cewa tun da babur ya shigo gidan nan ba hannun da ya taɓa shi, don duk duniya ni kaɗai ce ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ga shi ni ce magatakardar zumuntar mata a cocinmu, watan jiya ma ni na yi koyarwa a kan faɗin gaskiya.

Kullum da safe yana aske gemu a gaban madubin nan yana ƙunƙuni a kan ɗan'uwansa. Jiya kuma Malam Lawwali ya daɗe tsaye a kan kajina suna shan ruwa, sannan ya tambaye ni ko suna samun lafiya.

Na yi tunanin in wanke kayan in cusa a bayan buhuna in ce tsintarsu na yi. Amma madubi yana cikin siminti, kuma in na cire indararo kicin zai cika da ruwa. Anti, yaya zan yi?

Taki cikin damuwa,
Mai Kaji daga Rikoto

*

'Yar'uwata Mai Kaji,

Na yi dariya har na ajiye takardarki na share hawaye, amma da na kai kan buhun dawar da ke zaure dariyar ta tsaya. A nan matsalarki take.

Ɗaukar kayan ba babban laifi ba ne. Mace ce aka bar wa gida shekara goma sha shida, ruwa na zuba, madubi ya fashe, ta duba abin da ke hannunta ta yi dabara. Wanda bai leƙa ɗaki ba tsawon wannan lokaci shi ma yana da nasa kason, kuma ya yi gaggawar ɗora wa yayansa sata ba tare da ya tambayi wadda makullin ɗakin ke hannunta ba. Amma ki fahimce shi. Ba ƙarfe yake nema ba, mahaifinsa yake so ya sake gani a kan titi. Laifinki na gaske ya fara ne ranar da aka ambaci sunan Dodo kika yi maganar sukari. Tun daga ranar, kowace safiya ƙaruwa yake yi.

Ki manta da dabarar bayan buhuna. Mutumin da ke gane roba da farce zai gane ƙoƙon da kaji suka yi shekaru suna saran bakinsa. Ni a ganina ma Malam Lawwali ya riga ya gane. Bakanike ba ya tambayar lafiyar kaji haka kawai. Ya yi shiru ne don ya ba ki dama ki faɗa da bakinki, kuma irin wannan kara ba ta daɗewa.

Ki faɗa wa maigida yau ko gobe, ku biyu kaɗai, bayan ya ci ya ƙoshi. Kada ki fara da dalilai. Ki ce ke ce, ba Dodo ba, sannan ki kama hannunsa ki zagaya da shi gidan ki nuna masa kowanne a inda yake. Zai yi faɗa, wataƙila da yare biyu. Ki bar shi ya gama. Akwai albishir a cikin maganarki da zai gane in ya huce: kayan da yake zaton sun salwanta a kasuwa suna cikin gidansa. Murfin taya zai sha kankara da fenti, ƙoƙon fitila zai sha wanki, sirdi a kai wa mai ɗinkin kujera. Madubi kuma magini ya sassaƙe simintin a hankali. Na biyun da ya ɓace ki faɗi gaskiyarsa shi ma, Malam Lawwali ya san inda ake samun tsofaffin irinsa.

Taron Asabar kada a soke shi, a sauya masa aiki. Tun kafin ranar ku shigo da dawar nan, ku hau mota ku je Ribah ku biyu. Ke ki ba Yaya Dodo haƙuri a kan shirunki, shi ya ba shi haƙuri a kan zarginsa. A gaban mutane aka ɓata sunansa, a gaban dattawan nan za a wanke shi. Matan zumunta za su yi ta ba'a wata guda, ki riga su yin dariyar, za ta mutu da wuri.

Kafin ki cire komai, ki kira mai gyaran kwano ya kafa indararo na gaske, kajin kuma ki nema musu kasko. Allah ya sanyaya zuciyar maigida, ya mayar da zumuncin gidanku, ya sa babur ya tashi a bugu ɗaya.

Taku,
Anti Hamdiyya