Rediyoyin Malam Mika'ilu

Kurna, Kano
Oktoba, 1984

Zuwa ga ƙanwata Falmata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da Malam Mika'ilu da yara, Bintu da Huseina. Mu nan lafiya, sai tsadar da ta addabi kowa. Inna Kolo tana gaishe ki, kullum sai ta yi zancen autarta.

Ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Nababa direba, wanda zai miƙa miki wannan takarda, ya ba ni labarin ƙasarku ta Kunci. Ya ce gero ya ƙone a tsaye, dawa ko kai ba ta fitar ba. Ya ce kuma mijinki yana cikin waɗanda aka sallama daga aikin malamin gona, amma ke ba ki taɓa faɗa mana ba. Abin da ya fi ɓata mini rai, ya ce mazan garinku duk sun ɗaure kaya sun tafi ci-rani, shi kuwa Malam yana ɗaki cikin tsofaffin rediyoyinsa, yana kwancewa yana ɗaurawa kamar yaro da motar kara. Da yana da albashi ba wanda ya ce masa don me. Yanzu fa? Waya yaran za su ci?

Ga masara nan na ba Nababa. Ki haɗa kayanki ki taho da yaran, ku zauna wurinmu har Allah ya kawo sauƙi.

Ki gaida Malam. In kin so ki karanta masa, ban faɗi abin da zan ɓoye ba.

Yayanki,
Kashim

Unguwar Marke, ta Kunci
Nuwamba, 1984

Yaya Kashim,

Amin wa alaikumus salam. Na sami takardarka da masara, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. A gaida Inna, a ce mata ina nan lafiya.

Nababa bai yi ƙarya ba. Abin da muka samu a gonar gabas ko gindin rumbu bai rufe ba. Saniyarmu kuwa tun annobar bara ta tafi. Ina haɗa tuwo da dusa, miya kuma tafasa ce da busasshiyar rama. Kowa a garin nan haka yake.

Amma zancen rediyo, Yaya, ba ka san shi ba ne. Ni na tarar da shi da su tun ina amarya. Wasu a bola ya tsinto, wasu ya karɓo a hannun 'yan gwangwan a kasuwar Bici, duk sun mutu, ɓera ya haihu a cikin wata. Sai ya zauna ya share su, ya goge katakon da man gyaɗa, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ranar da ɗaya ta yi magana, ko da ina tsakiyar daka sai ya ƙwala mini kira, “Falmata, ajiye taɓaryar nan, zo ki ji ta farfaɗo!” Bai taɓa karɓar ladan gyara a hannun kowa ba. Akwai ma wata tsohuwar talabijin mai ƙafafu da ya daɗe yana fama da ita, alhali garin nan babu lantarki, ko ya gama babu inda zai gwada ta. Na yi masa dariya a kanta har na gaji.

Ba ya shan komai, ba ya zaman majalisa, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Wannan ne kaɗai abin da yake so. Ba zan taho ba yanzu. Ka yi haƙuri da ni.

Ƙanwarka,
Falmata

Kurna, Kano
Janairu, 1985

Falmata,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kuna lafiya.

Akwai abin da ban gane ba, kuma ina so ki faɗa mini gaskiya. Nababa ya ce da ya shiga gidanku ke ya tarar durƙushe gaban gawayi, kina gasa ƙarfe kina liƙa waya da dalma, mijinki yana zaune a gefe ya harɗe hannu yana ba ki umarni. Abin har ya kai ga haka? Ga daka, ga ɗiban ruwa, ga aikin maƙera? Ya ce kuma ya miƙa masa hannu su gaisa, Malam ya bar hannun a tsaye yana kallon bango. Mutumin da yake kawo muku abinci! In girman kai ne, yunwa ba ta san shi ba.

Na yi magana da wani a Sabon Gari mai sayen tsofaffin rediyo. Ya ce a kawo ya gani. Aƙalla su zama hatsi.

Ki ba ni amsa ta hannun Nababa. Inna tana gaisuwa.

Kashim

Unguwar Marke
Fabrairu, 1985

Yaya Kashim,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na daɗe riƙe da alƙalami kafin in fara, don Malam ya roƙe ni kada in faɗa wa kowa. Amma ba zan bari a ce masa mai girman kai ba.

Bai ga hannun Nababa ba ne. Yaya, Malam ba ya gani.

Da idon hagu abin ya fara, tun yana aiki. Ya je asibitin ido a Kano shi kaɗai, likita ya ce masa ruwan cikin idon ne ya yi ƙarfi ya cinye jijiyar, abin da ya tafi ba ya dawowa. Yanzu na daman ma inuwa kawai yake gani. Idanun garau suke, shi ya sa mutanen gari ba su gane ba. Hanyar masallaci ƙafarsa ta san ta. Ka gane dalilin da ya sa bai bi maza ci-rani ba.

Ranar da ya kasa ganin waya ya ƙona yatsansa da ƙarfen liƙi, ya ajiye ya ce, “Shi ke nan, Falmata, wannan ma an karɓe.” Kwana biyu a jere, abincin ma sai ya ture wa yara. Sai na ɗauko rediyon na ajiye a cinyarsa na ce, “Malam, kai ka san hanya, ni ina da ido. Faɗa mini.” Sai ya ce, “Wane launi ne a jikin ɗan abin nan mai kama da ƙwayar wake?” Na ce ja, da baƙi, da ruwan ƙasa. Ya ce, “To cire shi, shi ne ɓarawon.” Tun daga ranar haka muke yi. Yana shafawa da yatsa, yana kara kunne, ni ina liƙawa. A wannan lokacin kaɗai nake jin muryarsa irin ta da. Ba shi ya sa ni ba, ni na sa kaina.

Zancen mutumin Sabon Gari a bar shi tukuna.

Ku sa mu a addu'a. Ƙyanda ta shigo gari, gida uku sun yi rashi. Huseina ta kwana da zazzaɓi, idanunta sun yi ja, kuma ka san jikin da bai ƙoshi ba. Kada ka faɗa wa Inna.

Ƙanwarka,
Falmata

Unguwar Marke
Maris, 1985

Zuwa ga mai girma surukina, Alhaji Kashim,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da ban girma, ni ne Mika'ilu nake magana, Falmata take rubutawa.

Ina sanar da kai cewa Allah ya karɓi abinsa. Huseina ta rasu ranar Talata da hantsi, an yi mata sutura kafin azahar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A yi wa Inna Kolo ta'aziyya a hankali.

Alhaji, maganar da ka yi tun farko gaskiya ce. Ban iya ciyar da iyalina ba. Da yarinyar nan tana da abin da jikinta zai riƙe, Allah ne masani, amma zuciyata ba ta bar ni ba. Ina roƙonka abu biyu. Na farko, ka karɓi Falmata da Bintu su zauna a hannunka. Ni gwaggona Hure tana nan, ba za ta hana ni kunu ba. Na biyu, duk rediyoyin da talabijin na sa an ɗaure, Nababa zai kawo. A kai wa mutumin da ka ambata. Ina roƙo dai a faɗa masa kada ya ajiye su inda damshi yake, kuma a riƙa kunna su lokaci-lokaci, don zama yana kashe su.

Na gode da ɗawainiyarka. Allah ya bar zumunci.

Naka,
Mika'ilu

Yaya, ni ce. Na rubuta duk abin da ya faɗa yadda ya faɗa, ban rage ba. Wannan na ƙasa nawa ne, bai san da shi ba. Bintu za ta taho, don ba zan iya binne biyu ba. Ni ba zan taho ba. Gwaggo Hure da kanta sai an ɗaga ta. Da muke ɗaure kayan, kowace rediyo sai ya shafa ta ya faɗi inda ya samo ta, sannan ya miƙo mini. Bai yi kuka ba a wurin jana'iza, a nan ma bai yi ba. Wannan ne yake ba ni tsoro.

Kurna, Kano
Afrilu, 1985

Ƙanwata Falmata, da Malam Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Allah ya ji ƙan Huseina, ya sa mai ceto ce, ya ba ku haƙuri. Inna ta yi kuka ƙwarai, yanzu Bintu ce take ɗebe mata kewa. Ta iso lafiya, tana cin abinci.

Malam, na yi maka mummunan zato, ka yafe mini.

Da aka sauke kayan, Bintu ta nace sai na jona talabijin ɗin nan mai ƙafafu, wai Babanta bai taɓa ganin ta a kunne ba. Da aka kawo wuta da la'asar na jona, don dai ta yi shiru. Ta yi ƙugi, kwalaben ciki suka yi ja, sai ga haske, sai ga mutum zaune yana karanta labarai, fuskarsa tar, muryarsa tar. Matan gida suka fito da gudu. Bintu tana tsalle tana cewa, “Umma ce ta liƙa, Baba ne ya faɗa mata!”

Ba ta daɗe ba. Muna cikin kallo sai ƙauri, sai hayaƙi ta baya, ta ɗauke.

Washegari na kai su Sabon Gari. Na faɗa wa mutumin saƙon Malam na damshi da kunnawa. Ya dube ni ya yi dariya, ya ce wa zai sayi waɗannan a zamanin kaset? Jar wayar ciki da lasifika yake so. A gabana ya sa guduma. Katakon da kuka goge ya tara a gefe, mai shayi ya kwashe ya hura wuta. Na so in ce a fasa, amma na tuna rumbunku.

Abin da aka samu na sayi gero, na ƙara da nawa, ga shi nan wurin Nababa. Ku taho ku biyu. Na gyara ɗakin zaure, kuma nan akwai lantarki.

Naku,
Kashim

Unguwar Marke
Mayu, 1985

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Gero ya iso, Allah ya biya ka. A shafa mini kan Bintu.

Na karanta wa Malam takardarka har inda Bintu take tsalle. Ya sa na maimaita masa. Ya ce, “Fuskar ba ta karkace ba?” Na ce ka ce tar. Sai ya rufe fuskarsa da hannun riga, kukan da bai yi ba tun rasuwar Huseina ya zo. Na bar shi ya yi.

Da ya natsu ya ce, “Mutumin fa, ya ji saƙona?” Na ce ka faɗa masa. Daga nan na tsallake zuwa zancen gero.

Ya ce a gode maka da ɗaki, amma ba zai bar gona ba a bakin damina. Mun ɗebi iri a cikin geronka mun yi binne a busasshiyar ƙasa, shi yana sara, ni ina riƙe da gefen rigarsa ina jefawa. Har yanzu hadari bai taso ba.

In ka zo da sallah zai tambaye ka, don kullum sai ya yi zancen rediyoyinsa. Ka ce suna nan.

Ƙanwarka,
Falmata