Man Giya a Gidan Masu Suya

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa, da fatan ke da maigidanki da yara kuna lafiya. Yaya ƙafar taki, kumburin ya sauka? Mu nan lafiya lau, in ban da motar Baba.

Kin san tun da Allah Ya yi masa rasuwa ita ce rufin asirina, da ita nake kai 'ya'yan maƙwabta makaranta in ɗauko su. Ta haura kilomita dubu ɗari uku, kuma kwanan nan ta tsiro da wani hali. In na sa giya sai ta yi jim, sannan ta zabura, yaran su gwara kai da kujera. Na zaro sandar gwajin man giya na goga a farin hankicin Baba da ke akwatin gaba, yadda yake yi kowace safiya muna yi masa dariya. Man da ya kamata ya zama ja ya yi baƙi ƙirin, sai ƙauri.

Mai gyaran giya ya ce tsohuwar mota irin wannan lallaɓa ta ake yi. Za a kwance kaskon ƙasa a tsiyaye tsohon mai, a ɗaura sabuwar matata, a zuba sabo. Na sayo man galan biyu da matatar a kwalinta. Sai ranar da ya ba ni ta faɗo daidai da ranar da zan raka Inna ganin likitan ido, shi ne Baban yara ya ce zai kai motar.

Yaya, hankalina bai kwanta ba. Kin dai san gidan da na shigo, gidan masu suyar kifi da dankali ne kaka da kakanni, kuma a wurinsu zubar da mai ya fi zagin uwa muni. Surukata tana tace man suya har sai ya koma kwalta, ta ɗaga kwalbar ta haska a rana ta ce da sauransa. Da ɗanta ya ga galan ɗin nan biyu, sai da ya ɗaga su yana girgiza kai kamar wanda ya zo ta'aziyya.

Ki gaishe min da kowa.
Ƙanwarki,
Auta

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji daɗin jin ƙafa ta yi sauƙi. Idon Inna ma alhamdu lillahi. Ki zauna da kyau kafin ki karanta sauran.

Da na dawo daga asibiti na tarar an wanke mota tana ƙyalli, gogan naki yana zaune a kan boneti yana kaɗa mabuɗi. Ya ce an gama komai. Kwana biyun farko ta ɗan yi dama-dama, har na fara jin kunyar zargin da na yi masa. Daga nan sai ta fara wani kuka siriri, ribas kuma sai na roƙe ta.

Ɗazu na shiga ɗakin ajiyarsu neman tsintsiya. Bayan buhunan dankali, a jere da jarkokin man suya, sai ga galan ɗina biyu ko hatiminsu ba a ɓalle ba, ga matatar a kwalinta.

Kin zaci zai ji kunya? Wallahi washe baki ya yi. Ashe ko ƙofar gareji bai je ba. Shi da wansa suka ɗaga motar a bayan shago, suka tsiyaye man a kwanon suya, suka bar shi ya kwanta, suka tace, suka mayar. Tsohuwar matatar kuwa suka wanke ta da fetur suka shanya a kan katanga. Da man bai kai ba, suka cike da ragowar baƙin man inji. Ya ce sabon yana nan an adana min sai tsohon ya ƙare. Uwarsu ta leƙo ta taga ta shaida cewa da idonta ta ga man, garau yake. Mutanen da ba su san bambancin giya da kaskon kifi ba, su ne suka haɗu suka yi wa motar Baba aiki, har suna jiran in yi godiya.

Na tambaye shi da me suka tace. Ya ce tsummansu na shago ya yi kauri, sai ya samu wani farin ƙyalle a akwatin gaba. Hankicin Baba, Yaya. Na same shi a bayan shago an jefar, baƙi, ya yage a tsakiya. Ban yi kuka a gabansu ba, ba su kai su ga hawayena ba.

Mai gyara ya ce in kawo ta jibi da sassafe, kuma kada in tuƙa ta kafin nan. To gobe akwai makaranta, yaran mutane kuma ba su da wata motar. Zan lallaɓa. Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Auta

Yayata ta kaina,

Ina gaisuwa. Ki yafe min jinkirin amsa, ban samu zuciyar riƙe biro ba sai yau. Ina fatan kuna lafiya.

Ba ta kai jibin ba. A tsakiyar mararraba, da yara cike a baya, na taka totur inji ya yi ta ihu, mota ko motsi. Ana ta yi mana ham, ƙananan suna kuka, na riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya ina tsallakar da su titi da hannuna. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Amma iyayensu sun samu wani direban, kuma ban ga laifinsu ba.

Mai gyara ya buɗe giyar a gabana. Matatar ta toshe, zaren ƙyalle ya shiga ƙananan hanyoyin mai, faya-fayen ciki duk sun ƙone. Ya ce gyaran ya fi ƙarfin motar. Baban yara yana tsaye yana leƙe, ya ce shi dai ya san tsufa ne, don man nan ba abin da ya same shi. Na dube shi daga sama har ƙasa, na rasa abin da na gani a jikinsa shekarun nan duka.

Aka jawo min ita gida, dole na sayar da ita. Jiya masu sayen tsofaffin motoci suka zo da motar ja. Na cire carbin Baba daga madubi, na shafa sitiyarin inda hannunsa ya cinye fatar. Ina tsaye ina kallo suna ɗaura sarƙa, sai ga mijina a guje yana ɗaga hannu yana cewa su dakata. Na ɗauka abin ya taɓa shi, na ɗauka cewa zai yi a fasa, ko ya sayar da wani abu nasa a gyara. Wallahi a wannan lokacin da na yafe masa komai.

Ashe mazurari ne a hannunsa da jarka. Ya roƙe su su bari ya tsiyaye man inji kafin su tafi da ita, tunda su ƙarfe suka saya. Ya kwanta a ƙasa da rigarsa mai kyau ya shige ƙarƙashin motar Baba, uwarsa tana miƙa masa kwano.

Na wanke hankicin har sau uku, baƙin bai fita ba. Yana cikin jakata. Ki share min ɗakin nan naki na baya, ina tafe da yara ranar Asabar, kuma kada ki tambaye ni ranar komawa.

Ƙanwarki,
Auta