Sunan Kukun Di'o

Laraba, bayan isha'i

Na gama karanta kwafin wasiƙun da Di'o, Baturen mulki na zamanin Turawa, ya aika wa matarsa daga nan Kontagora. Ya yabi burodin kukunsa, ya yi mitar tarinsa, amma ko sau ɗaya bai rubuta sunansa ba.

Da hantsi na tafi Auna na fassara wa Gwaggo Asabe wasiƙun. Ta ce, "Babanmu ne, 'yar nan. Hayaƙin murhun Di'o ya sa masa tarin, da shi ya rasu. Sunansa Magaji. Rubuta."

Na rubuta.

Saura mai wankin Di'o, shi ma babu sunansa a wasiƙun. Gwaggo ta ce 'yarsa tana Rijau, ta tsufa ƙwarai. Bayana ciwo yake, amma ba zan bari Asabar ta wuce ban je ba.