Tarin Baba da na Baffa

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya. Yaya ƙafar taki? Yaya kewa? Ina Baffa da mutanen gidansa? Na san in na kira ki a waya sai dai ki yi ta "iye? iye?" ni kuma ina ta ihu a barandar asibiti mutane suna kallona. Shi ya sa na ga gara in rubuta in ba direban motar garinmu ya kawo miki. Ki sa tabarau, ki zauna tukuna.

Mun iso lafiya, sai dai hanya ta jigata Baba. An ba shi gado a bene, a wani dogon ɗaki mai gadaje a jere, nasa na jikin taga. Ni kuma ina shimfiɗa tabarma a gefensa.

Inna, ba tarin tibi ba ne. Duk ƙwayoyin nan da asibitinmu ya yi wata da watanni yana ɗura masa, har fitsarinsa ya koma ja, ba su ne maganinsa ba. A nan sun tura shi cikin wata na'ura mai kama da ƙaton zobe ta ɗauki hoton ƙirjinsa, sannan suka sa allura suka tsinko ɗan nama suka auna. Likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta da hayaniya. Ta zaunar da mu ta ce ciwon daji ne a huhu, kuma ya riga ya taɓa ƙashin baya. Ashe ciwon bayan da muke cewa tsohon aiki ne yake tashi, shi ne.

Ni dai ban san lokacin da na riƙe ƙarfen gado ba. Baba kuwa sai ya ce, "To, Likita, tunda haka ne a gaya wa yarinyar nan ta daina yi mini rowar sukari a shayi." Likitar ta yi murmushi, ni na kasa.

Ta tambaye shi aikinsa, ya ce tun yana saurayi yake kamfanin fasa dutse, a bakin injin niƙa, har ƙarfi ya ƙare. Ta tambaye shi taba. Sai da ya saci kallona kafin ya ce ya sha, amma ya bari tun ina goye. Da ta tambayi garinmu na faɗa mata, sai ta ajiye biro ta ce, "Ku ma daga can?" Maganar nan ta tsaya mini a rai.

Za su fara sa masa wani ruwan magani mai ƙarfi. Ki yi mana addu'a. Baba ya ce in gaishe ki, wai kada ki bari kaji su shiga ɗakinsa.

Taki har kullum,
Auta

*

Innata,

Sallama da gaisuwa. Saƙonki ya iso, da bargon da man shafawar. Na ga inda hawaye ya ɓata miki rubutu, ban nuna wa Baba ba. Allah ya ƙara miki haƙuri. Yaya ƙarfin jiki?

Ruwan maganin yana wahalar da shi. Ranar da aka sa masa, ko ƙanshin abinci ba ya so, sai amai. Amma ya yi aboki. Mai gadon kusa da shi wani dattijo ne ɗan birnin nan, tsohon direban bas, kowa Direba yake ce masa. Sa'an Baba ne, kuma da bakinsa ya ce ya fi Baba shan taba nesa ba kusa ba. Ciwonsu ɗaya. Sai dai shi ko tari bai fara ba aka gano nasa. Wai a nan asibitin unguwa ne yake kiran dattawan da suka daɗe suna shan taba a ɗauki hoton ƙirjinsu. 'Yarsa ce ta ja shi yana gunaguni, aka ga abu kamar ƙwayar wake, aka yanke. Yanzu ɗinki kawai yake jinya. Wuni suke suna musu, shi ya ce fasa dutse aikin marasa dabara ne, Baba ya ce direba malalaci ne da ake biya don ya zauna.

Na samu Likita ita kaɗai a ofis na tambaye ta abin da take nufi ran nan. Ta juyo mini da kwamfutarta ta nuna mini taswirar ƙasa, an shafa wa kowane yanki launi gwargwadon yawan waɗanda ciwon nan yake kashewa. Wajen birnin nan fari-fari ne. Namu kuwa, Inna, ja ne wur kamar an ɗiga jini. Ta ce a da kusan duk ɗaya suke. Nan aka rage shan taba da wuri, aka matsa wa masana'antu su kare ma'aikata daga ƙura, aka kawo na'urori, sai mutuwar ta yi ta raguwa. Mu kuwa tamu ko gezau, ta mata ma ƙaruwa take. Na ce to mata me suka yi? Ta ce wa yake wanke kayan aikin, wa yake shaƙar hayaƙin ɗaki da na murhu? Sai na tuno ki kina kakkaɓe rigar Baba a tsakar gida, farar ƙura tana tashi har ta rufe miki gira.

Ta ce abin da ya fi ci mata rai shi ne mutanenmu ba sa isowa sai an makara, don duk mai tari a can maganin tibi ake fara ba shi.

Na so in ɓoye wa Baba, amma kin san shi, fuskata kawai ya kalla. Dole na gaya masa. Sai ya fara kiran sunayen abokan aikinsa: Dogo, Mai Guduma, Sarkin Zolaya da ke bayan layinmu. Duk tari aka ce, duk an binne su ba wanda ya san sunan abin. Daga nan ya ce, "Ƙanena ma yana tarin nan da safe. Tare muka tsaya a bakin injin."

Inna, Baba ya ce ki gaya wa Baffa ya biyo motar nan ya zo a duba shi. Likita ta yarda za ta gan shi. Don Allah ki isar.

Ki gaishe da maƙwabta da duk mai tambayarmu.

'Yarki,
Auta

*

Inna,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki gafarce ni, gaisuwar yau gajera ce, zuciyata ba ta da daɗi.

Na karanta wa Baba amsar Baffa kamar yadda kika rubuto: wai shi lafiyarsa lau, tarinsa na sanyi ne, kuma abin da mutum bai sani ba ba ya hana shi barci. Baba ya juya fuska bango.

Ga abin da ake ciki. An sake ɗaukar hoto, maganin bai riƙe ciwon ba. Likita ta ce ci gaba da shi wahala ce kawai za a ƙara masa. Shawararta mu koma gida da maganin rage zafi, ya zauna cikin iyalinsa. Kin fahimci abin da take nufi, ba sai na rubuta ba.

Na ɗauka Baba zai yi murna, don kullum zancensa gida ne, da ke, da inuwar ƙofar gidanmu. Sai ya ce ba inda za shi. Ya ce ƙafarsa ba za ta bar ɗakin nan ba sai Baffa ya zo ya shiga na'urar nan ya gani da idonsa. Na roƙe shi, na yi kuka, har na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Ya bari na gama, ya ce, "Auta, in na koma zai zo ya zauna a gefena yana tari, ni ina ji, har a ɗauke ni. Daga nan ba mai iya tanƙwara shi. Yanzu ne kawai nake da abin da zan riƙe shi da shi."

Jikinsa yana ja baya. Zoben azurfarsa ya fara zamewa, na ɗaure masa da zare. Daga gado zuwa banɗaki sai mun tsaya ya huta. Likita ta ja ni gefe ta ce in ana son ya iya doguwar tafiya, kada a ja lokaci.

An sallami Direba. 'Ya'yansa suka zo da mota, ya fita da ƙafarsa yana tsokanar ma'aikatan jinya. Kafin ya fita ya rungume Baba, suka yi ban kwana. Inna, Allah ya yafe mini, da na leƙa ta taga na ga yana shiga mota, wani abu mai ɗaci ya taso mini. Mutumin kirki ne, bai yi mana komai ba. Amma me ya fi Baba da shi, in ba wurin da aka haife shi ba? Da a nan muke, da tuni an ga na Baba tun yana ɗan mitsitsi. Na yi ta istigfari, har yanzu abin bai sauka ba.

Baffa ba taurin kai ne yake damunsa ba, tsoro ne, na sani. To amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai ruwa kake shafa wa naka. Kada ki sake aika kowa. Ki taka da kanki, ko da sandar ne. Ke kika sha gaya mana yana ɗan yaro kika shigo gidan, ke kika yi masa wanka, ke kika raka shi makaranta yana kuka. Ba zai iya kallon idonki ya ce a'a ba. Ki gaya masa yayansa yana son ya mutu a ɗakinsa, kuma shi ne ya tare ƙofar. Ki faɗa masa haka, kada ki sassauta.

Ina jiran motar da ido biyu.

Taki,
Auta

*

Innata abar ƙaunata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki da kyau, ina kuma yi miki sannu da ƙoƙari. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa ƙafar nan lafiya. Ban san me kika gaya wa Baffa ba, shi ma ya ƙi faɗa, ya ce dai tun da yake bai taɓa jin kin yi masa irin wannan faɗan ba.

Ya iso da 'yar jakarsa, fuska a murtuke. Ya shigo ɗakin yana cewa an tayar masa da hankali a banza, sai idonsa ya faɗa kan Baba. Maganar ta tsaya. Kin san bai gan shi ba tun da muka taho. Ya durƙusa a bakin gadon ya kama ƙafarsa. Baba ya ce, "Tashi, malam, ba gaisuwa na kira ka ba."

Ranar hoton sai da Baba ya sa aka tura shi a keken marasa lafiya har ƙofar ɗakin na'urar, wai kada a ce an shiga alhali an zille. Baffa da ke ɗaga dutsen da mutum biyu ba sa iyawa, sai ga shi yana ta fama da maɓallin riga.

Inna, an samu. A huhun dama, ƙarami, kuma gwaji ya nuna bai je ko'ina ba. Likita ta ce za a iya yankewa, kuma tana da kyakkyawan zato, ko da yake ta ce ba ta yi mana alkawari ba, sai an yi an gani. Ta ce da ya ƙara shekara a gida, da labarin ya zama irin na Baba.

Ban san yadda zan kwatanta miki abin da na ji ba. Murna ce da baƙin ciki a cakuɗe, har na rasa wanne zan yi wa kuka. Baba kuwa ya ce alhamdulillahi, ya nemi shayi, ya shanye kofi guda, rabonsa da haka an daɗe.

Ya sa na roƙi Likita ta rubuta wa asibitinmu takarda, cewa duk tsohon ma'aikacin dutse da ya zo da tarin da ya ƙi jin magani a turo shi nan. Ta rubuta, tana cikin jakata. Ta ce ba ta san ko za a bi ba, ta sha rubuta irinta. Baba ya ce shi zai aika a kira su ɗaya-ɗaya, ai mai zuwa dubiya ba ya ƙin jin maganar majinyaci.

Za mu taho da motar jibi in Allah ya yarda. Matar Baffa ta shirya ta biyo motar in za ta dawo nan, don a ranar aikin ya kasance da wani nasa. Ki sa a sauko da katifar Baba ƙasa, hawa gado yana ba shi wuya, a jera masa matasai, don a zaune yake samun numfashi. Kada a kunna turare a ɗakin. Kuma ina roƙonki, Inna, ki shirya zuciyarki kafin ki gan shi. Ya rame ƙwarai. In kuka ya zo miki, ki bari sai ya yi barci.

Gadon asibitin da Baba yake kai za a ba Baffa. Ɗazu na dawo daga karɓo magani na same su zaune a kansa su biyu, kafaɗa da kafaɗa, ƙafafu a ƙasa. Baffa yana cewa shi ba zai yarda a yi masa aiki ba sai ya raka yayansa gida tukuna. Baba ya ce a'a. Baffa ya ce to in ya warke ya dawo, zai same shi? Na tsaya a bakin ƙofa da ledar magani a hannu, na kasa shiga. Baba bai yi masa ƙarya ba. Ya dafa gwiwarsa ya ce, "In ka same ni, mu sha hira. In ba ka same ni ba, ga yayarka da ta raine ka nan, ga Auta. Kai dai ka koma da ƙafarka."

Sai mun iso, Inna. Ki bar mana ƙofa a buɗe.

Taki har abada,
Auta