Adireshin Yong-chil

Ɗana Deok-hwan,

Gaisuwa mai yawa, da fatan Seoul ba ta ramar da kai ba. Na ji dattawan zuri'armu sun ce ka ɗauke shafin ɗana Yong-chil na gidan zuri'armu a intanet daga sashen rayayyu ka kai sashen mamata, don a fara ajiye masa kwanon shinkafa ranar tunawa da mamata. Kada ka kuskura. Jirgin kamun kifinsu ne ya ɓace, ba wanda ya ga gawa. Kai da bakinka ka ce sunan sashe yana cikin adireshin shafin. In ka canja, ranar da ya nemi sunansa, ina zai same mu?

Gwaggonka, Mal-sun

Gwaggo,

Ina gaisuwa cikin ladabi. Gaskiyarki, adireshin zai canja, injin bincike kuma yakan manta da shafi na ɗan lokaci. Amma dattawa sun matsa, na riga na kai shi sashen mamata. Ki kwantar da hankalinki: duk wanda ya buɗe tsohon adireshin, za a wuce da shi sabon kai tsaye.

Akwai abin da ban taɓa tambayarki ba. Shekara da shekaru, kullum wani yakan nemi sunan Yong-chil ya shigo shafin, na kuma kasa gano daga ina. Ke ce?

Naki, Deok-hwan

Deok-hwan,

Na amsa gaisuwa. Ni da ko wayata sai maƙwabciya ta danna mini? Ba ni ba ce. Maza ka mayar da shi cikin rayayyu, sarkin wayo.

Gwaggonka

Gwaggo,

Barka da war haka. Na mayar, amma na makara. Ranar da na canja, baƙon ya shigo, aka wuce da shi sashen mamata. Ya daɗe a shafin. Tun ranar bai sake zuwa ba. Ki yafe mini.

Deok-hwan

Ɗana,

Ina gaishe ka. Dattawa sun yi abinsu ranar tunawa, har Yong-chil suka ajiye wa kwano. Aka bar ƙofa buɗe, aka soka cokali a kowane kwanon shinkafa, muka fita don mamata su ci, kamar yadda aka saba. Da muka dawo, kwanon Yong-chil kaɗai aka taɓa. An zare cokalin an ajiye a hagu. Ka san bahago ne. Tabarmar da ke gaban kwanon ta jiƙe, tana warin teku.

Ya gane gida. Duk shekarun nan bai san ya mutu ba, sai da ka nuna masa. Mayar da shafin cikin mamata.

Ka huta lafiya.
Gwaggonka