Ƙwallon Tsamiyarka Yana Bakin Zanin Inna

Zuwa ga Yaya Bawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ƙane ke yi wa wansa, ina fatan wannan saƙo ya same ka da rai da lafiya, a duk ramin da kake ko garin da ka sauka. Ƙanenka Nomau ne. Na san ka gane tun daga gaisuwar, don ka sha cewa ni ko sannu zan yi wa mutum sai na yi mata shimfiɗa.

Lambarka ta daina shiga tun damina uku da suka wuce, shi ya sa na rubuta a nan inda kowa zai gani. Masu haƙar zinari sun fi mu riƙon waya. Wataƙila wani a Anka ko Bukkuyum ya karanta, ya ce maka ga wani can a ƙauyen Gummi yana tona asirin gidansu. To, ni ne, kuma na gaji da rufewa.

Ruwa ya kusa, Yaya. Jiya na sauko da karkiya daga rataye na goge ta. Ita ce dai wadda Baba ya bar mana tare da shanun huɗa biyu, Toka naka, Goshi nawa. Toka a hagu, Goshi a dama, tun suna 'yan maruƙa haka aka hore su. Ni ke jan igiya a gaba, kai ke riƙe da garma a baya. Ka ce in aka ba ni garma kunyar gona za ta tashi daga gabas ta ƙare a gonar maƙwabci. Ban taɓa musa maka ba, gaskiya ce.

Ka tuna shekarar da ɓarayin shanu suka share garken mutane. Shanun huɗa da suka rage a garinmu ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma kowa na son a yi masa huɗa a mako ɗaya. Sai aka riƙa ɗaura wa dabba karkiya tun sallar asuba, ba a kwance ta sai la'asar sakaliya. Shanu biyu suka faɗi a cikin kunya a damina guda. Ɗaya ma ko wuƙa ba a kai gare shi ba, ya tafi mushe. Ina tsaye a wurin, bakinsa duk kumfa, ɗan'uwansa na maƙale da shi a karkiya yana ja shi kaɗai.

Daga nan ne manoma suka taru a ƙofar maigari. Malamin dabbobi ya zo daga Gummi ya yi bayani, Ardo ya zo daga ruga ya ce abin da muke yi wa shanu ko ɓarawo ba ya yi musu. Aka tsara magana. Ba a huɗa da sa bayan rana ta take tsaka. A shayar da shi kafin a mayar da shi turke. Duk dabbar da ta yi gyambo a wuya ko a baya, sa ko jaki, za ta huta sai mutum uku da gari ya zaɓa sun duba sun ce ta warke. Wanda ya taka, ba mai zuwa gayyarsa, ba mai kiran shanunsa.

Maigari ya ce shi ba zai ɗora wa kowa doka da bakinsa ba, gari ya jefa ƙuri'a. Ba mu da takarda ba mu da tawada, sai aka raba wa kowane baligi ƙwallon tsamiya ɗaya. Aka ajiye ƙwarya biyu a bayan zana, fara ta masu so, baƙa ta masu ƙi. Mata kuma, tsofaffin mata suka bi su gida gida da nasu ƙoren.

Kowa ya shiga bayan zana ya jefa a ɓoye, ban da kai. Kai ka fito da baƙar ƙwarya fili, ka ɗaga ƙwallonka sama kowa ya gani, ka sake shi a ciki. Ka ce sa naka ne, ba wani ƙato da zai zo ya koya maka wuyansa. Mutane suka yi dariya, ni ma na yi, alhali nawa yana cikin fara.

Da aka ƙidaya fara ta rinjaya, aka zo zaɓen mutum uku. An sa Ardo, an sa na'ibin liman. Ana neman na uku, sai na ji muryarka daga baya: "Ku sa Nomau, ko kyauta anka ba shi ƙarya bai san inda za ya aje ta ba." Tsokana ce, na sani. Amma gari ya ɗauka, hannuwa suka tashi. Yaya, da bakinka ka ɗaura mini wannan igiya.

Damina ta gaba ta faɗi da wuri. Mutum na farko da muka tsayar shi ne Malam Hantsi, mai jaki ɗaya da yake kai wa mutane taki gona. Bayan jakin ya ɗaye har nama ya fito. Ni na ɗaga buhun da ya rufa masa, ni na ce ya huta. Tsohon bai yi gardama ba. Ya dube ni ya ce, "To, Allah shi kai mu gidanku." Ya ja jakinsa ya tafi, wannan makon a ka ya riƙa ɗaukar taki.

Ashe gidanmu bai da nisa. Kwana huɗu kafin ranar da za a duba unguwarmu, ina ba Toka dusa na ga wurin. Gaban tozo, daidai inda karkiya ke zama, fata ta buɗe. Na kira ka na nuna maka. Ka ce in sa man kaɗe in yi shiru, kwana shida kawai muke buƙata mu gama gonar tudu. Na sa man. Shirun ma na yi, kuma wannan shi ne laifina na farko. Da na zauna da kai a ranar na ce maka ba zan iya ba, da ka zage ni a cikin gida, ya ƙare a cikin gida.

Da safen ranar dubawa na gan ka a bayan rumbu kana kwaɓa baƙin mai da tokar murhu. Ka shafe wurin, ka bi da toka busasshiya. Launin ya zauna daidai da gashinsa, ko ni da na san wurin sai da na nema. Ka ga na gan ka. Ka wanke hannunka.

Aka fito da shanu ƙofar gida, an riga an ɗaura musu karkiya. Na'ibi idonsa ba ya gani sosai, ya shafa bayan Toka ya ce madalla. Ardo kuwa, mutumin da aka haifa a tsakiyar shanu, tun daga nesa ya gane. Ya dubi wuyan, ya dube ka, ya kawar da kai wajen bishiya. Kunyarka ya ji, ya bar mini. Ga jama'a sun kewaye mu, ga Malam Hantsi a gaba, wuyansa a sanƙare saboda kayan da ya sha ɗauka. Kallona kawai yake yi.

Wallahi Yaya, na yi niyyar wucewa. Ƙafata har ta ɗaga. Sai ƙuda ɗaya ya sauka a kan tokar, Toka ya girgiza wuya ya yi wani nishi. Ban san lokacin da na kama bakin rigata na goge wurin ba. Nama ja ya fito, ya fi wanda na gani kwana huɗu baya faɗi.

Ba ka ɗaga murya ba. Da ka ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ka kwance karkiya da hannunka, ka kawo ta ka ajiye a gabana, ka ce, "Ashe da gaske ba ka da wurin ajiyar." Ita ce magana ta ƙarshe mai tsawo da ka yi da ni.

Sauran ka sani, amma masu karatu ba su sani ba. Mun aro sa muka haɗa da Goshi, ashe shi ma ɗan dama ne, suka yi ta ture juna har muka haƙura. Muka koma garmar hannu, kai a wancan bakin gona, ni a wannan. Ruwa bai jira mu ba, ciyawa ta riga mu. Toka ya warke cikin mako uku da 'yan kwanaki, lokacin huɗa ya wuce. Geron gonar tudu da muka girbe bai kai rumbu rabi ba. Tun daga ranar ka ce wa matarka Hajo ta riƙa zuba maka tuwo daban, mu da muka tashi hannunmu a akushi ɗaya.

Bayan kaka, ranar kasuwar Gummi, ka hau bayan babur. Ka ce wa Hajo za ka leƙa wajen masu zinari a ƙasar Anka, za ka dawo kafin babbar salla. An yi babbar salla uku.

Duk ranar da aka ce rami ya rufta da mutane, ba na iya cin abinci. Duk ranar da rediyo ya yi zancen gubar dalma sai in tashi in bar wurin. Na je Anka sau biyu. Wani ya ce ya ga mai kama da kai yana daka dutse, wani ya ce ai kun koma wajen Bukkuyum. Na bi, ban samu ko wanda ya san sunanka ba. Ina tsoro, Yaya. Ina tsoron kada a ce ni na tura ka ramin, kuma ina tsoron kada ya zama gaskiya ne.

Ga abin da ya hana ni sukuni, zan faɗa maka shi ba kwana-kwana. Na ba ka haƙuri a kan shirun da na yi kwana huɗu. Na ba ka haƙuri da na bari aka kunyata ka a ƙofar gidan ubanmu, kai babba, a gaban surukanka. Ya kamata in je wa maigari in ce a cire ni daga duba gidanmu, ban yi wannan hankalin ba. Amma goge wuyan nan, na juya shi a raina shekara uku ina neman in yi nadama, na kasa. Da za a mayar da ni wannan safiya, ina jin hannun nan zai sake gogewa. Ka ga irin ƙanen da Allah ya haɗa ka da shi.

Toka yana nan. Wurin ya bar tabo, gashi bai sake fitowa ba. Mahauta sun taya shi ya fi sau biyar, na ce mai shi ba ya nan. Gonarka nake fara yi wa huɗa kafin tawa. Ni ke riƙe garma yanzu, wan Hajo na jan igiya, kuma kunyar tana nan a karkace yadda ka faɗa. 'Ya'yanka suna lafiya, ba su kwana da yunwa ba. Malam Hantsi kuwa tun daga ranar shi ke riga ni gaisuwa, har da rusunawa, kuma ba gaisuwar da ta fi wannan yi mini nauyi.

Dokar ma ba zan yi maka ƙarya a kanta ba. Tun da aka kafa ta, sa bai sake faɗuwa a kunya ba. Amma mai shanu huɗu ba ya jin ta, in ɗaya ya yi gyambo sai ya sauya wani. Mai sa ɗaya da mai jaki ɗaya su ke kwana da ita. Abin da ka hango ke nan da ka ɗaga ƙwallonka, ni ban hango ba. Gunaguni ya yi yawa, maigari ya ce a sake jefa ƙuri'a, ko a bar ta ko a rushe ta. An sa rana, Juma'a ta sama bayan an sauko daga masallaci.

Shekaranjiya aka bi gida gida ana raba ƙwallon tsamiya. Ka san Inna. Kai ne ɗan farinta, tun da muka tashi ban taɓa jin sunanka a bakinta ba. Shekara ukun nan ko sau ɗaya ba ta tambaye ni labarinka ba. In na dawo daga nemanka fuskata kawai take duba, ta ci gaba da tsince wake. Har na fara zaton ta fi mu duka dauriya.

Tsohuwar da ke rabo ta ba Hajo nata, ta ba matata, ta ba ni, ta sa wa Inna ɗaya a tafi. Inna ba ta rufe hannun ba. Tsohuwar ta ce ai ta ba ta. Inna ta ce, "Gidan ga maza biyu na haihwa." Aka ƙara mata ɗaya.

Nata ta ajiye a gefen gado. Ɗayan ta ƙulle shi a bakin zaninta, ƙulli biyu, inda take ɗaure goronta. Da shi take salla, da shi take zama a inuwa. In ta ji ƙarar babur a ƙofar gida sai in ga hannunta ya tafi wurin ƙullin. Ta rame, Yaya, tafiya zuwa bakin rijiya ma sai ta huta a hanya.

Ba na ce ka dawo don ka yafe mini ba. Ka zo da fushinka yadda yake. Ka karɓi ƙwallonka daga hannunta, ka fito da baƙar ƙwarya fili yadda ka yi wancan karo, ka ɗaga shi sama kowa ya gani, ka jefa. In naka ne zai rushe dokar, in naka ne zai sauke ni, ni zan riƙe maka ƙwaryar. Ba wanda zai iya kwance ƙullin nan sai kai, kuma ba na son a ce da shi za a yi mata wankan ƙarshe.

Allah ya tsare ka daga ruftawar ƙasa da gubar dutse da mugun mutum. Allah ya sa wannan saƙo ya faɗa hannun mai tausayi da zai karanta maka shi har ƙarshe. In kana raye, Allah ya juyo da ƙafarka gida tun Inna na iya gane takunka. In kuwa ka riga mu, Allah ya yi maka rahama, ya ba ni wanda zai faɗa mini gaskiya, ya ba ni bakin da zan faɗa mata.

Ƙanenka da har yau bai samu wurin ajiyar ba,
Nomau