Muryar da ta ɓace a kan babur

Zuwa ga Suwaiba, uwar Garzali,

Ya inuwar gawo a tsakiyar rani, ya ruwan randa bayan doguwar tafiya, ya ƙamshin ƙasa ranar ruwan farko! Na san za ki taɓe baki ki ce tsoho ya sake buɗe littattafansa. Taɓe, ranki ya daɗe. Ko taɓin bakin nan na yi kewarsa. Ina gaishe ki, ina gaida wanki Yaya Magaji da mutanen gidansa na Sae Sabuwa, masu cin tuwon hannunki yanzu, ni kuwa ina nan Agiye ina cin abin da Allah ya hore a bakin tasha.

Na gaji, Suwaiba. Gajiyar ba ta kwanciya ba ce. Ki yi haƙuri ki karanta labarin wata sifika, domin a cikinsa maganarmu take.

Kin tuna wayar da Garzali ya ɗaura mini a kan babur, da 'yar sifikarta a ƙarƙashin madubi? Ya zuba mini duk lakol, wato makarantun da nake zagayawa ina duba aikin malamai, a cikin taswira, domin idan gero ya yi tsawo hanyoyin gona duk kamarsu ɗaya, kuma uban nasa ya daina zama yaro. Wata siririyar murya ce take faɗa mini da Faransanci in bi dama ko in bi hagu. To, sai ta riƙa dusashewa, har rannan ta yi shiru. Ganga tana fitowa idan na sa kiɗa. Mai karanta labarai, da muryarsa irin ta bajimi, yana fitowa. Jagorar ce kawai babu.

Me ban yi ba? Na ƙure ƙara. Na gano ashe ƙarar iri biyu ce, ta kiɗa daban, ta jagora daban, na ƙure ta biyun ina jin kaina kamar wanda ya tono rijiya. Na raba wayar da sifika na sake haɗa su. Na bar bulutut na koma igiya. Na sake igiya. Na soka tsinke a ramin caji na fito da ƙasar da za ta isa shuka gyaɗa. Na kai wa Jika mai gyaran rediyo, ya kwance sifikar, ya hure ta, ya mayar, ya ce lafiyarta ƙalau. Na dube shi da tausayi, na ce a raina sana'a ta lalace a ƙasar nan. Na kira Garzali na yi masa huɗuba a kan kayan zamani marasa albarka. Ana cikin haka na tashi zuwa wata lakol a bayan Gangara, na tsinci kaina a rugar Fulani. Suka ba ni nono, suka nuna mini hanya da sanda, malamin da ke jirana kuwa har ya sallami yara.

Sai ranar kasuwar Gazawa. Na kutsa cikin cunkoso, amalanken jaki a gabana, tumaki a bayana, na ga mutane suna waiwayena. Masu tallar gyaɗa suna dariya. Mai amalanken yana ta nuna mini baya da bulalarsa. Na gyara zama, na ɗauka girmana ne ya fara bayyana. Can wani jandarma ya matso, ya sunkuyo dab da fuskata, ya roƙe ni don Allah in rage ƙarar abin nan, wai tun daga bakin kasuwa take kururuwa in juya in koma.

Na kashe babur. Na cire hular kwano. Na kara kunnena a jikin sifikar, a gaban duk jama'ar Gazawa. Ga ta nan, Suwaiba. Can nesa, ƙanƙanuwa, kamar mai magana daga ƙasan rijiya. Ba ta taɓa yin shiru ba. Kasuwa guda tana jin ta, ban da mai babur.

Likitan da na gani a Maraɗi ya ɗora mini wani abu a kunnuwa ya yi ta aiko da ƙararraki, ina ɗaga hannu idan na ji. Yawancin lokacin hannuna yana kan cinyata. Ya ce sirarran sautuka su ne ke fara tafiya, kuma shekarun da na yi a kan inji sun taimaka musu da guzuri. Ya ce akwai abin da ake maƙalawa a kunne, yana taimakawa, amma abin da ya tafi ba ya dawowa duka, wanda ya rage kuma zai ci gaba da raguwa a hankali.

Kin tuna bara da na zaunar da ke na yi miki bayani a kan ƙarancin tsuntsaye? Har na kawo miki hujja daga littafi. Kika ce itatuwa sun fi yawa a gonaki yanzu fiye da lokacin aurenmu, kuma buwa tana nan tana cinye mana gero kamar kullum. Na ce ai ba ki lura ba ne. Kaico! Tsuntsayen suna nan suna ta waƙarsu a kan masanin da ya yi musu jana'iza.

A bakin asibitin na zauna a kan babur ban tayar ba, domin a nan ranar Gangara ta faɗo mini. Muna dawowa daga sunan ɗan ƙanwarki Mero, kina bayana. Na hango ki a madubi leɓunanki suna motsi, tun daga fitowarmu gari har muka kusa hawa kwalta. Idonki yana ƙasa. Na ɗauka addu'ar tafiya kike yi, na ce a raina Allah ya ba ni mace mai ibada. Da na ga kin tsaya, don kada ladan ya wuce ni, sai na ɗaga murya na ce amin. Kika ƙara wani abu gajere. Na sake cewa amin.

Suwaiba, me na ce wa amin?

Tun daga bakin asibitin nan ban huta da tambayar nan ba. Ranar Gangara kin sauka a ƙofar gida ba ki dube ni ba. Washegari kika ce za ki je ganin Yaya Magaji, na ce ki gaishe shi, har na yi murna za ki sha iska. Da kwanaki suka miƙe na kira ki, sai ki ce lafiya lau, ki ce na riga na ba ki amsa. Ni kuwa, da girman kai irin na mai gyara wa malamai kuskure, ban tambaya wace amsa ba. Shin ciwo ne kika faɗa mini yana damun ki? Shin cewa kika yi na daina sauraron ki, ko kin zama kamar kujera a gidan? Ko cewa kika yi gara ki koma gidanku, mijinki na shekara da shekaru ya buɗe baki ya ce amin, har sau biyu? Wace irin zuciya ce za ta ɗauki wannan daga Gangara zuwa Agiye ba ta fashe ba? Kin zaɓi bayan babur domin abin ya yi miki nauyin faɗa ido da ido, na sani. Kin tattara ƙarfin halinki duka kin zuba shi a kunnen da ya riga ya rufe.

Ban ji ba. Wallahi ban ji ko kalma ɗaya ba. Kuma yanzu ina lissafa sauran: sau nawa kika yi magana daga madafa na ci gaba da karatu? Sau nawa kika kira ni a tsakar gida na wuce? Kin yi ta haƙuri da miji mai wulaƙanci, alhali kurma kike aure.

Ya sanyin idona, kin tuna tsohon babur ɗinmu na farko, mai hayaƙi kamar ana gasa kifi, wanda ba a jin ko tsawa a kansa? Lokacin da nake zuwa ɗaukar ki daga Sae Sabuwa, ni baƙo ban san hanyoyin gonakinku ba. Ba ki taɓa yi mini ihu ba. Yatsa biyu a kafaɗar dama, in bi dama. Yatsa biyu a ta hagu, in bi hagu. Idan na yi gudu ki ja mini riga. Wani lokaci sai in ɓata hanya da gangan don in sake jin yatsun nan, kina sane, kika ƙyale ni. Ban taɓa tsintar kaina a ruga ba a zamanin mulkinki.

Na cire sifikar. Na ba Jika ita tare da ban haƙuri, ya karɓi sifikar da hannu biyu, haƙurin da hannu ɗaya.

Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo. Idan na ɓata, Fulani sun san ni yanzu. Ba zan roƙe ki ki hau babur ba sai kin ga dama. Abin da nake roƙo ƙarami ne: mu zauna a zauren Yaya Magaji, inji a kashe, ki zauna a damana, domin kunnen daman ya fi dama-dama, ki dube ni, ki maimaita abin da kika faɗa a hanyar Gangara. Ko mai ɗaci ne, ina so. Ki faɗa a hankali, idan na ce me kika ce kada ki ce ba komai. Likita bai gaya mini yawan lokacin da ya rage ba. Tsuntsaye sun tafi na haƙura, jagorar taswira ta tafi Allah ya raka ta. Muryarki siririya ce, Suwaiba, kin san layin da take ciki. Kada mu ɓata abin da ya saura a kan fushi. Ki zo ki yi mini faɗa ma, in dai zan ji.

Naki, da kunne da babu kunne, har ranar da za a yi mini addu'ar da ba zan iya cewa amin ba,

Rashidu